Ƙananan Kwamfutocin Da Ke Cikin Kayanmu: Darasin Da Ɗaliban Kimiyyar Kwamfuta Ke Buƙata

A watannin ƙarshe na 2024, kamfanonin rarraba wutar lantarki a Najeriya sun yi ta shela cewa duk mai mitar kati ya hanzarta ya sabunta ta kafin 24 ga Nuwamba, in ba haka ba mitar za ta daina karɓar kati. Mutane da dama sun ɗauka wata sabuwar hanyar tatsar kuɗi ce. Asalin maganar kuwa wani lissafi ne da aka yi tun farkon shekarun 1990 a Afirka ta Kudu, inda aka tsara ƙa'idar STS da mitocin ke aiki da ita. Lambobi 20 ɗin da mutum ke dannawa suna ɗauke da adadin wutar da ya saya, suna kuma ɗauke da lokacin da aka fitar da katin, don kada a loda kati ɗaya sau biyu. Ana ƙirga wannan lokaci minti-minti tun daga 1 ga Janairun 1993, gurbin da aka ware wa ƙirgen kuma bit 24 ne kacal. Iyakar abin da bit 24 ke iya ƙirgawa shi ne 16,777,216. Idan aka mayar da waɗannan mintuna zuwa shekaru, za a samu shekara 32 ba kaɗan. Ranar da ƙirgen ya cika sai ya koma sifiri, mitar ta ɗauki kowane sabon kati a matsayin tsoho, ta ƙi shi. Shi ya sa aka raba wa jama'a wasu jerin lambobi na musamman guda biyu, waɗanda ke sauya makullin mitar, su mayar da farkon ƙirgen zuwa 2014.

Abin da ke cikin mitar nan kwamfuta ce sosai, mai ƙwaƙwalwa da ma'adana da manhaja, sai dai aiki ɗaya tak aka ɗora mata, kuma ba ta da intanet balle a aika mata gyara daga nesa. Irinta ake kira dasasshiyar kwamfuta, wato wadda aka dasa a cikin wata na'ura don ta tafiyar da ita. Akwai ta a na'urar POS ta mai cire kuɗi a bakin titi, akwai ta a inbata da na'urar cajin sola, da ma'aunin hawan jini da na suga, da rimot da injin wanki. Motar zamani tana ɗauke da gommansu, wata na kula da mai, wata na kula da birki, wata na jiran lokacin da za ta hura jakar iska. Mafi yawan ƙwayoyin sarrafa bayanai da ake ƙerawa a duniya kowace shekara nan suke tafiya, kaɗan ne ke shiga laftof da manyan kwamfutocin ofis.

Duk da haka, ɗalibi na iya kwashe shekara huɗu a sashen kimiyyar kwamfuta, ya iya gina shafin intanet da rumbun bayanai, ya fita da digiri mai kyau, bai taɓa rubuta layi ɗaya na manhaja da ya kunna ko da ɗan ƙwan fitila ba. A wurare da dama abin da ya fi kusa da wannan darasi shi ne zanen ƙwayar 8085 ko 8086 a kan allo, ƙwayoyin da Intel ta fitar a 1976 da 1978, a haddace sunayen rajistocinsu, a zuba a jarrabawa, a manta. Ina ganin wannan giɓi ne babba, kuma ba ƙarancin kuɗi kaɗai ya haifar da shi ba. Akwai wata tsohuwar fahimta da ke cewa duk abin da ke da waya da ƙarfe aikin injiniyoyin lantarki ne, na kimiyyar kwamfuta kuwa ya tsaya a gaban allo.

Tarihin haɗurran da waɗannan na'urori suka jawo bai goyi bayan wannan rabo ba. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25, ƙirar wani kamfanin Kanada, ta zuba wa majinyata shida hasken da ya ninka ƙima sau da yawa a asibitocin Amurka da Kanada, aƙalla uku daga cikinsu suka mutu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullan ƙarfe da ke hana irin wannan kuskure, amma a Therac-25 an cire su, an bar wa manhaja duk amanar. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa idan ma'aikaciya ta gyara umarnin da ta shigar da sauri, cikin kimanin sakan takwas, wani ɓangaren manhajar ba ya ganin gyaran, sai na'urar ta saki haske mai ƙarfi alhali allo na nuna wani abu dabam. Kuskure na biyu kuma wani ƙirge ne mai bayit ɗaya, wanda idan ya kai 256 sai ya koma sifiri, sifiri kuma a wurin manhajar na nufin komai lafiya. Ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse kimanin sakan 40 bayan tashinta daga Kourou, saboda an yi ƙoƙarin cusa lamba mai bit 64 a gurbin bit 16, da manhajar da aka gado daga Ariane 4 wadda ba ta kai ta gudu ba. Babu wayar da ta tsinke a ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wakilcin lambobi, da cikar gurbi, da ayyuka biyu masu tsere kan bayani ɗaya, duk darussan kimiyyar kwamfuta ne da ke cikin littattafan aji biyu da aji uku. Abin da ɗalibanmu ba sa samu shi ne wurin da za su ga waɗannan darussa suna cizo.

Laftof tana rufa wa mai rubuta manhaja asiri fiye da yadda ya sani. Idan ya yi almubazzaranci da ma'adana, akwai gigabayit huɗu ko takwas da za su shanye ɓarnar. Idan manhajarsa ta maƙale, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar za ta kashe ta, ta nuna masa saƙo. Allon Arduino Uno, wanda shi ne aka fi fara koyo da shi, yana ɗauke da ƙwayar ATmega328P mai bugun agogo miliyan 16 a sakan, da kilobayit 32 na ajiye manhaja, da bayit 2,048 na aiki. Saƙon tes 13 cikakku ba za su shiga wannan ma'adanar aiki ba. Wayar hannu mai gigabayit huɗu ta ninka ta fiye da sau miliyan biyu. A nan ɗalibin da ya saba ƙirƙiro jeri mai gurbi dubu ba tare da tunani ba zai ga na'urarsa ta fara surutai marasa ma'ana, ko ta yi ta sake tashi, babu saƙon da zai gaya masa dalili. Dole ya zauna da takarda ya ƙirga bayit nawa kowane abu ya ci. Zai kuma gano cewa lambar da ya saba zuba biliyan biyu a cikinta a laftof, a nan iyakarta 32,767, idan ya ƙara ɗaya sai ta faɗa can ƙasa da sifiri. Kada a raina wannan ƙunci. Kwamfutar da ta sauke Apollo 11 a duniyar wata a 1969 kalmomi 2,048 ne ma'adanar aikinta, kuma lokacin da ayyuka suka yi mata yawa ana dab da sauka, ta yi ta buga gargaɗin 1202, tsarin da tawagar MIT ta su Margaret Hamilton ta gina ne ya sa ta zubar da ayyuka marasa muhimmanci ta riƙe na tuƙi.

Wannan ya kawo mu ga lokaci, wanda a ganina shi ne zuciyar darasin. A ajin koyon dabarun lissafi, amsa daidai ita ce amsa daidai, ko ta zo yanzu ko bayan sakan biyu. A jakar iskar mota, amsar da ta makara da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba daidai take da rashin amsa. Ɗalibi na buƙatar ya koyi tambayar da ba a cika yi masa ba: a mafi munin hali, tsawon wane lokaci wannan aiki zai ɗauka? Sannan ya san cewa shi kansa agogon da yake dogara da shi yana da iyaka. Ƙirgen lokaci na Arduino yana cika ya koma sifiri bayan kwana 49 da 'yan sa'o'i. Manhajar da ta yi aiki lafiya ranar da aka nuna wa malami za ta iya tsayawa cik bayan mako bakwai a gonar wani, idan mai rubutun bai kwatanta lokuta ta hanyar da ke jure wannan juyi ba. Manyan kamfanoni ma suna faɗawa wannan rami. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin da ke kula da janaretocin Boeing 787 za su iya kashe wutar jirgin idan aka bar su a kunne kwana 248 a jere, saboda wani ƙirge da ke cika a cikinsu.

To ta ina za a fara koyarwa? Kusan kowa da Arduino yake farawa, kuma akwai hujja. An ƙirƙiro shi a 2005 a wata makarantar zane da ke garin Ivrea a Italiya, inda Massimo Banzi da abokan aikinsa suka ɗora kan aikin Wiring na wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán. Manufarsu ita ce ɗaliban zane, waɗanda ba su san lantarki ba, su iya sa abu ya motsa a rana ɗaya. Sun kuwa yi nasara. Ɗalibin da fitila ta fara ƙyafta masa a zaman farko zai dawo zama na biyu da ɗoki, wannan ɗoki kuma jari ne da malami bai kamata ya yi wasa da shi ba. Irin wannan tunani ne ya haifi Raspberry Pi a 2012, bayan Eben Upton da abokansa a jami'ar Kambirij sun lura cewa masu neman shiga sashen kimiyyar kwamfuta suna raguwa, kuma waɗanda ke zuwa ba su taɓa kutsawa cikin na'ura ba kamar na shekarun baya. A 2016 BBC ta raba ɗan allon micro:bit kyauta ga yara kimanin miliyan ɗaya 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya.

Sai dai abin da aka gina don ya ɓoye wa ɗalibin zane wahala, idan aka tsaya a kansa, zai ɓoye wa ɗalibin kimiyyar kwamfuta ainihin abin da ya zo koyo. Nan ne darasin ke lalacewa a wurare da yawa. A sayi allo da sansa, a kwafo manhaja daga intanet, a haɗa jar waya da baƙa kamar yadda hoto ya nuna, abu ya yi ƙara ko ya yi haske, a ba da maki. Wasu ma aikin kammala karatun gaba ɗaya a kasuwa suke sayo shi. Tambayi mai aikin me zai faru idan sansar ta cire, ko me ya sa aka sa wancan ɗan resisto, sai ido ya raina fata. Mako biyu ko uku sun ishi Arduino a yadda yake. Daga nan sai malami ya yaye labulen. Ya miƙa wa ɗalibai takardar bayanin ƙwayar, mai ɗaruruwan shafuka, ya ce a kunna fitilar nan ta ƙafa ta 13 ba tare da umarnin Arduino ba. Za su sha wuya kafin su gano cewa ƙafar nan bit na biyar ce a rajistar PORTB, kuma kunna fitila ba komai ba ne illa rubuta 1 a wani adireshi na ma'adana. Idan akwai osiloskop sai a auna: umarnin Arduino na cin gomman bugun agogo, rubutu kai tsaye a rajista na cin biyu. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa ya fahimci ma'anar manuni a harshen C fiye da wanda ya haddace babi guda. Yana da kyau kuma a gaya musu cewa asalin wannan ƙwaya, dangin AVR, ɗalibai biyu ne suka zana shi a Trondheim ta ƙasar Norwe, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, tun suna makaranta.

Mataki na gaba shi ne a haramta umarnin jira. Mai koyo yakan ce wa na'ura ta kunna fitila, ta jira sakan ɗaya, ta kashe. A cikin sakan ɗin nan na'urar kurma ce kuma makauniya, ko an danna maɓallin gaggawa ba za ta sani ba. Da zarar an hana shi wannan, dole ya koyi agogon cikin ƙwayar da kuma katsewa, wato yadda wani abu daga waje ke tsayar da manhaja a tsakiyar aiki, a biya masa buƙata, a dawo inda aka tsaya. Kamar mai tuƙa tuwo ce aka yi sallama a ƙofa: za ta amsa ta dawo, amma in ta daɗe a zaure tuwon ya kama. Daga nan ne kurakurai masu wuyar kamu ke ɓullowa. Ɗauki ƙirge mai bayit biyu a ƙwayar da ke karanta bayit ɗaya a lokaci guda. Ƙirgen yana kan 255, manhaja ta karanta rabin farko, kafin ta karanta na biyu sai katsewa ta shigo ta mayar da shi 256. Abin da manhajar za ta haɗa ta samu shi ne 511, lambar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Wannan na iya faruwa sau ɗaya a cikin dubban zagaye, kuma ba lalle ya faru ranar da ake nemansa ba. Malami nagari da gangan zai shirya wa ɗalibai wannan tarko, ya bar su su kwana biyu suna farautarsa. Bayan nan, idan aka ba su labarin Mars Pathfinder, za su ji shi a jikinsu. Na'urar ta sauka a duniyar Mars ranar 4 ga Yulin 1997, ba da jimawa ba ta fara sake tayar da kanta. Wani ƙaramin aiki na tattara bayanan yanayi ne ke riƙe makullin da babban aiki ke jira, matsakaitan ayyuka kuma suka hana ƙaramin samun damar gamawa ya saki. Agogon gadi, wanda aikinsa shi ne ya sake tayar da na'ura idan ta yi shiru fiye da ƙima, sai ya yi ta yin aikinsa. Injiniyoyi suka maimaita matsalar a kan tagwayen na'urar da ke ɗakin gwaji, suka aika gyara ta sararin samaniya.

Aikin gwajin da za a ba ɗalibi ya kamata ya fito daga abin da ya sani. Famfon rijiyar burtsatse da tankin sama misali ne mai kyau, domin a ido abu ne mai sauƙi: ruwa ya yi ƙasa a kunna, ya cika a kashe. Amma ruwan da ke zuba yana kaɗa maɓallin da ke yawo a samansa, shi kansa maɓallin idan ya haɗu yakan yi tsalle-tsalle na ɗan lokaci kafin ya zauna, don haka manhajar da ta yarda da duk abin da ta ji za ta kunna famfo ta kashe sau goma a minti, ta ƙona shi. Idan rijiyar ta janye a watan Afrilu, famfon na juyawa babu ruwa, wa zai gaya wa na'urar? Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita da rauni, ta tayar da famfon nan take ko ta dakata? Idan wayar sansa ta tsinke, wane hali ne ya fi aminci, kunne ko kashe? Ɗalibin da ya zana halayen na'urar a takarda, jira da zuba da cika da matsala, da abin da ke fitar da ita daga kowane hali zuwa wani, ya yi amfani da darasin injin halaye da ya ɗauka ka'ida ce kawai ta cin jarrabawa. Idan kuma ya ce zai riƙa ajiye halin da ake ciki a ma'adanar dindindin saboda ɗaukewar wuta, sai a nuna masa shafin da ya ce kowane gurbinta rubutu 100,000 aka lamunce masa. Mai rubutu a gurbi ɗaya duk sakan zai cinye wannan adadi cikin sa'a 28.

Ga kuma yanayin ƙasarmu, wanda masu rubuta darussan da ake kwafowa ba su yi tunaninsa ba. Sansar DHT11 da ke cikin kusan kowane kwalin kayan koyo an tsara ta ne ta auna zafi daga sifiri zuwa digiri 50, da laimar iska daga kashi 20 zuwa 90 cikin ɗari. Akwatin ƙarfe da ke tsakar rana a Sakkwato ko Maiduguri da bazara zai iya wuce digiri 50 a cikinsa, laimar hunturu a Kano kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20. Na'urar za ta ci gaba da nuna lamba, lambar ce dai ba abin dogaro ba. Bushewar hunturun nan kuma tana tara lantarki a jikin mutum, irin wanda ke ɗan tsikarar hannu a ƙofar mota, ya isa ya kashe ƙwaya da taɓawa ɗaya. Sai batun batir. Batir mai ƙarfin 2,000 a ma'aunin miliamfiya-awa, idan na'ura na zuƙar 80 ba hutu, sa'a 25 zai yi. Idan aka rubuta manhajar yadda na'urar za ta yi barci, ta farka ta auna ta aika ta koma, har matsakaicin abin da take zuƙa ya sauka zuwa rabin miliamfiya, batir ɗin nan zai haura wata biyar. Kayan aikin ba su canja ba, mai rubuta manhajar ne ya samo watannin.

Tsaro ma a nan ya kamata a fara koyar da shi, tunda yanzu ƙwayar ESP32 ta kamfanin Espressif na Shanghai tana zuwa da wayafai a jikinta, kowane ɗalibi kuma so yake ya haɗa aikinsa da intanet. A Oktoban 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta tara dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet, ta hanyar gwada kalmomin sirri 60 da 'yan kai da masu ƙera su suka bari a ciki, aka yi amfani da su aka durƙusar da kamfanin Dyn, shafukan da ke dogara da shi irin su Twitter da Netflix suka ɗauke a sassan Amurka.

Masu cewa babu kayan aiki suna da gaskiya, amma rabinta. Allon Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 dala huɗu aka sa masa. Allo ɗaya, da allon gwaji, da 'yan wayoyi da maɓallai da maltimita sun ishi ɗalibai biyu zango guda, kuma daga laftof ko fawa-bank suke shan wuta, don haka ɗaukewar lantarki ba ta tsayar da aji. Jami'ar Texas da ke Austin ta nuna cewa ba sai da katafaren ɗakin gwaji ba: a 2014 Jonathan Valvano da Ramesh Yerraballi suka buɗe darasinsu ga duniya a dandalin edX, kowane ɗalibi ya sayi ɗan allonsa ya yi gwajin a ɗakinsa. Littafin Edward Lee da Sanjit Seshia na jami'ar Berkeley kan wannan fanni kyauta ake sauke shi. Abin da na fi so a koya daga wannan tsari shi ne a bar ɗalibi ya tafi da allon ɗakin kwanansa. Kayan da aka kulle a kabad, makulli na hannun mutum ɗaya, ana fito da su sa'a biyu a mako, ba sa koyar da kowa. Wasu allunan za su ƙone, a sa wannan a kasafi tun farko. Manhajojin kwaikwayo irin su Proteus da Wokwi suna da amfani wajen shiri kafin a zo aji, musamman inda ɗalibai suka yi yawa, amma a cikinsu waya ba ta kwancewa, batir ba ya rauni, zafi ba ya taɓa komai. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi su duka.

Kan harshen da za a yi amfani da shi, ra'ayina C ne, duk da tsufansa tun 1972 da kuma yadda yake barin mutum ya yi wa kansa illa. MicroPython na da daɗin farawa, Rust na samun karɓuwa saboda yana toshe kurakuran ma'adana tun kafin manhaja ta tashi, amma mafi yawan abin da ɗalibi zai tarar a cikin na'urorin da ke kasuwa da C aka rubuta shi, kuma sai wanda ya sha wuyar C ne ke gane abin da Rust ke kare shi daga gare shi. Makonnin ƙarshe sai a shigo da ƙaramar manhajar raba ayyuka irin FreeRTOS, bayan ɗalibi ya riga ya ji a jikinsa wahalar da ta zo ragewa.

Dama kuwa a buɗe take. Sabon tsarin manhajar karatu na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da ita. Sashen da ba ya son jiran sabon kwas ya bi ta majalisar jami'a zai iya farawa da mayar da rabin darasin tsarin ginin kwamfuta zuwa aikin hannu. Inda babu malamin da ya ƙware, a haɗa gwiwa da sashen injiniyan lantarki, su kawo sanin da'ira da awo, na kwamfuta su kawo tsarin manhaja da gwaji, a cakuɗa ɗaliban a rukuni ɗaya. Ban ga aibu ba ma a gayyato ƙwararren mai gyaran waya daga kasuwa irin ta Farm Centre a Kano ya koyar da liƙin dalma da bin layin da'ira na kwana biyu, a biya shi haƙƙinsa, domin hannunsa ya fi na yawancin masu digiri a wannan fage. Aikin yi kuma akwai shi kusa da gida. A Nijar, Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro tsarin ban-ruwa da manomi ke kunnawa da kashewa ta wayar salula daga nesa. Hello Tractor, wanda ya fara aiki a Najeriya, ɗan akwati yake liƙa wa tarakta don mai ita ya san inda take da aikin da ta yi. Sola ta biya-kaɗan-kaɗan irin ta M-KOPA ta Kenya ta dogara ne kacokan kan ƙwayar da ke buɗe wuta idan an biya, ta rufe idan ba a biya ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar wanda zai rubuta abin da ke cikin akwatin, da wanda zai gyara shi idan ya rikice.

Saura jarrabawa, domin abin da ake ba maki a kansa shi ɗalibi ke koya. Idan kashi 70 na makin yana kan takardar da za a ce ya lissafo siffofi biyar na dasasshiyar kwamfuta, to haddar zai yi. A ba aikin hannu kaso mafi tsoka, kuma kada a auna shi da nunin minti biyar. A jera na'urorin ɗalibai a kan benci mako guda suna aiki dare da rana, kowace tana rubuta abin da ya same ta. A cikin makon malami ya zare wuta ba sanarwa, ya cire wayar sansa, ya danna maɓalli sau hamsin a jere, ya tura agogon na'urar zuwa dab da cikarsa. Ranar ƙarshe kowane ɗalibi ya zauna gaban malami shi kaɗai, a buɗe manhajarsa, a nuna masa layi ɗaya a tambaye shi me zai faru idan aka goge shi, sannan a goge a gani.